Damian Wayne: yaron ne ke canzawa, ko marubuta ne ke mantuwa?

Tambaya: Ni da wani abokina mun daɗe muna gardama a kan Damian Wayne, wato Robin ɗin da yake ɗan Batman na cikinsa a mujallun labaran zane na kamfanin DC (Robin laƙabi ne na yaron da ke taimaka wa Batman, kuma yara da dama sun riƙe shi). Shi cewa yake marubuta sun lalata yaron: wannan ya ɗauka ya gyara masa hali, wancan ya karɓa ya mayar da shi fitsararre mai girman kai kamar ranar da ya fara fitowa. Ni kuwa na ce yaro ne, yau ka gan shi da hankali, gobe ka gan shi da rashin ji, haka yara suke. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai ba ta ƙofar da ya shigo ba. Idan ƙorafinsa shi ne har yau Damian yana nan da girman kai da baƙar magana, to wannan ba ɓaraka ba ce, shi ne ma yaron. Ranar da aka wayi gari Damian ya zama mai sunkuyar da kai, mai "to" ga duk abin da aka ce masa, ranar ce za a ce an lalata shi. Inda abokin naka ke da hujja shi ne wuraren da labari ke tafiya kamar yaron bai taɓa yin rayuwar da muka karanta da idonmu ba. Taka hujjar ta "yaro ne" gaskiya ce a rayuwa, amma a rubutu tana da haɗari, domin babu kuskuren marubucin da ba za a iya lulluɓewa da ita ba.

Bari mu fara da wanene yaron, don sai an yarda a kan wannan za a iya cewa wani ya kauce.

Grant Morrison da mai zane Andy Kubert ne suka fito da shi a 2006, a mujallar Batman fitowa ta 655. Uwarsa Talia, kakansa Ra's al Ghul, kuma a cikin ƙungiyar makasa ta kakan nasa aka rene shi. Yana ɗan shekara 10 aka ajiye shi a gaban uban da bai taɓa gani ba. Abin da ya fara yi don ya burge uban shi ne ya fita ya sare kan wani ƙaramin mai laifi, ya dawo da kan cikin kogon Batman, sannan ya yi wa Tim Drake, Robin na lokacin, dukan kawo wuƙa. Wanda ya karanta wannan ya ce "mugun yaro" bai yi ƙarya ba, amma ya tsallake abin da ke ƙarƙashi. A gidan da yaron ya tashi, haka ake neman matsayi: ka kawar da wanda ke gabanka, ka kawo shaida. Kyauta ya kawo wa ubansa, da yaren da aka koya masa, aka ƙi karɓa. Duk wani Damian da aka rubuta da kyau tun daga ranar, daga nan yake tasowa: yaro mai son a ce ya isa, wanda bai iya roƙo da baki ba, sai da aiki, kuma wanda a hankali ya fara jin kunyar abin da aka mayar da shi.

Abubuwan da masu karatu suka fi saurin ganewa a jikinsa ba su ne wannan ba. Tsakin nan nasa da ake rubutawa "tt", da kiran mutane da sunan gidansu, Grayson, Drake, Pennyworth, da maganarsa irin ta dattijon da aka saka cikin jikin yaro, duk riga ce. Kowane marubuci zai iya sa masa ita, kuma kusan kowa yana sa masa. Matsalar ita ce rigar tana da sauƙin ɗauka har ta kan sa marubuci ya zaci ya kama yaron, alhali tsakin kawai ya kama.

A 2009, lokacin da ake zaton Bruce Wayne, wato Batman uban Damian, ya mutu, Dick Grayson, Robin na farko, ya zama Batman, ya ɗauki Damian a matsayin Robin. A nan ne yaron ya fara canzawa, kuma a gaban idon mai karatu aka yi canjin, wata bayan wata. Har aka kai inda uwarsa ta ba shi zaɓi, ya zaɓi ya ci gaba da zama Robin, ita kuma ta ce daga ranar shi maƙiyin gidan al Ghul ne. Wannan ba ƙaramin farashi ba ne ga yaro ɗan shekara 10. Ka riƙe maganar farashin nan, don a kanta gardamarku take.

Yanzu ga wurin da zan ba ka gaskiya. A 2011, da kamfanin DC ya yi sabon lale ga dukkan mujallunsa, Peter Tomasi da Patrick Gleason suka karɓi mujallar Batman and Robin, wannan karon da Bruce a matsayin Batman. Sun mayar da Damian baya, babu shakka. Akwai inda ya cafke jemage a cikin kogo ya matse shi a hannu har ya mutu, Alfred Pennyworth, dattijon hadimin gidan Bruce, yana kallo daga nesa. A ƙarshen zangon farko kuma ya kashe mutum, Morgan Ducard, bayan ya yi alkawarin ba zai sake kisa ba. Da ma'aunin abokinka za a auna, wannan ma lalatawa ce. Amma ba ita ba ce, kuma mafi yawan masoyan Damian suna lissafa wannan zango cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a kansa. Dalili shi ne labarin ya san cewa baya yake komawa. Yaron ya samu natsuwa da Dick, sai aka ɗauke shi aka haɗa shi da uban da bai iya yabo ba, bai iya yarda da kowa ba. Wace natsuwa za ta rage? Kuma da ya yi kisan, bai yi murna ba kamar a 2006, gafarar ubansa ya nema nan take. Aikin iri ɗaya ne da na farko, amma wanda ya aikata shi ya riga ya zama wani mutum, kuma shafin ya nuna ya san haka.

A zangon nan ne Bruce ya sayo masa kare, Titus, don ya koyi kula da wani abu mai rai. A nan ne kuma aka ga yana ɓacewa da dare yana bin magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin Gotham, kowa na zaton rashin ji ne, ashe lu'ulu'un sarƙar kakarsa Martha yake nema, wadda ta tsinke a daren da aka kashe ta. Ka ga kyautar 2006 ta dawo, amma yanzu ya koyi irin kyautar da uban zai iya karɓa. Irin wannan nake nufi idan na ce hali ya ɗore. A ɓangaren Morrison kuma, a 2012, ya ceto saniya daga mayanka, ya ce daga ranar ya daina cin nama. Abin dariya ne a shafin, amma ya zauna daidai a jikin yaron da ya fi iya nuna tausayi ga dabba fiye da mutum.

An kashe shi a 2013, an dawo da shi a ƙarshen 2014, sannan a 2015 Gleason ya rubuta masa mujallarsa ta kansa, Robin: Son of Batman. Gaba ɗaya labarin na biyan bashi ne. Yaron ya bi duniya yana mayar da abubuwan da ya ƙwato a shekarar da aka horar da shi da jini, yana tare da Maya, 'yar mutumin da ya kashe, har ta yafe masa. Idan akwai darasin da Damian ya biya kuɗinsa har da riba, to shi ne wannan: mutum yana iya tuba, kuma ba a yanke wa kowa hukunci da mafi munin abin da ya taɓa yi.

To a nan ne abokinka zai miƙe tsaye. A 2016 aka ba shi shugabancin Teen Titans, ƙungiyar matasan jarumai, ya cika shekara 13, kuma hanyar da ya bi ya tara 'yan ƙungiyar ita ce ya sace su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ni ina iya haɗiye shi, ko da da ɗaci, domin a ƙarƙashinsa akwai yaron da ya yi zagayowar ranar haihuwa babu ubansa, kuma bai san yadda ake cewa "ku zo ku taimake ni" ba. Wanda ba na iya karewa shi ne na 2018, lokacin da Adam Glass ya karɓi mujallar. Damian ya gina kurkuku a ɓoye a ƙarƙashin mazaunin ƙungiyar, yana ɗaure masu laifi babu shari'a, daga baya ma aka koma juya musu tunani da sihiri. An ba da dalili: ya gaji da ganin ana kama miyagu suna fitowa suna sake kisa. Dalilin ba wauta ba ne, kuma yaro mai tarbiyya irin tasa zai iya kaiwa can. Abin da ya ɓace shi ne tunawa. Wanda aka yafe wa kisa 'yan shekaru kaɗan kafin nan, yanzu shi ne ke cewa mai laifi ba ya gyaruwa, kuma labarin bai sa wannan saɓani a tsakiyarsa ba. Da an sa, da ya zama labari mai zafi: yaron da ke ɗaure mutane saboda a ransa bai yarda shi kansa ya gyaru ba. Kayan haɗin duk suna nan a ajiye, ba a ɗauka ba.

Za ka ji masu kare wannan zango suna cewa ai baƙin cikin mutuwar Alfred ne ya jefa shi cikin duhu. Ka duba shekarun. Kurkukun ya fara a tsakiyar 2018. Bane, ɗaya daga cikin maƙiyan Batman, ya kashe Alfred a gaban Damian a Batman fitowa ta 77, a 2019. Mutuwar tana iya bayyana yadda abin ya ƙara lalacewa, har yaron ya cire alamar Robin daga ƙirjinsa a 2020, amma ba za ta bayyana farkonsa ba. Gaskiya ne a 2018 ɗin ma ya rasa mutum biyu da suka fi kusa da shi: an harbi Dick a ka ya manta kowa, abokinsa Jon Kent, ɗan Superman, kuma ya tafi sararin samaniya. Sai dai yawancin ɗinkin nan masu karatu ne suka yi shi da kansu, daga mujallu daban-daban, don su ceci yaron da suke so. Ɗinki ne mai kyau. Amma idan mai karatu ne ya yi aikin da marubuci ya kamata ya yi, bai kamata a ba marubucin ladan ba.

Me ya sa hakan ke ta faruwa? Ba don marubutan ba su iya aiki ba ne. Tsarin sana'ar ne. Damian ba na Morrison ba ne, ba na Tomasi ba ne, mallakar kamfani ne, marubuta kuwa 'yan kwangila ne da ake ba aro na shekara biyu ko uku. A wata guda yana iya fitowa a mujallu uku ko huɗu, a hannun marubuta daban, wani lokaci ƙarƙashin editoci daban, kuma kowa ya rubuta nasa watanni kafin ya ga na ɗan'uwansa. Sannan kowace fitowa shafi kusan 20 ce. A mujallar da Damian ne tauraro, akwai filin da za a nuna shi shi kaɗai da karensa, a ga laushin da yake ɓoyewa. A mujallar ƙungiya mai jarumai shida, kowa aiki ɗaya ake ba shi: ga mai barkwanci, ga mai sanyin hali, ga wanda zai tayar da rigima. Kujerar mai tayar da rigima kuwa kullum Damian ake nuna wa. Shi ya sa za ka lura cewa mafi yawan ƙorafin abokinka daga mujallun ƙungiya da manyan labaran haɗaka yake fitowa, ba daga inda yaron ke tare da ubansa ko da Dick ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafi yara jarumai kaɗai. Lokaci a waɗannan littattafai kusan a tsaye yake. Dick Grayson ya fito a 1940, bai bar rigar Robin ya zama Nightwing ba sai 1984. Damian ya fito yana da shekara 10 a 2006, a 2021 yana da 14. Babban jarumi irin Batman bai damu da tsayuwar lokaci ba, domin halinsa ya riga ya ƙame, labarinsa na gwada wannan hali ne. Yaro kuwa labarinsa gaba ɗaya na zama wani abu ne. Damian labarinsa mafi daɗi shi ne mai girman kai ya koyi tawali'u, makashi ya koyi riƙe hannu. Kowane sabon marubuci wannan labarin yake so ya ba da, kuma ba zai iya ba sai ya kwance abin da na gabansa ya ɗaura. Kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa ne, amma duk sabon malamin da ya zo sai ya mayar da shi aji ɗaya, don darasin aji ɗayan ne ya fi daɗin koyarwa. Sabon mai karatu ba zai ga komai ba. Wanda ya bi yaron tun 2006 shi ne zai ji an raina masa hankali.

Don ka san yadda ainihin karya hali yake, ka dubi Cassandra Cain. Yarinya ce da aka rena ba tare da an koya mata magana ba, ta yi kisa sau ɗaya tana ƙarama, ta karanta tsoron mutuwa a jikin mutumin, ta gudu, kuma duk rayuwarta ta ginu a kan ba za ta sake ba. A 2006 kwatsam aka fito da ita a mujallar Robin tana shugabantar ƙungiyar makasa, tana kisa, tana zuba dogon jawabi irin na miyagun fim. Masu karatu suka yi ca, har daga baya aka zo da bayanin cewa wani mugu mai suna Deathstroke ne ya yi mata allurar da ta juya mata hankali. Idan sai an ƙirƙiro allura kafin a bayyana halin mutum, to kamfanin da kansa ya amsa cewa ba ita ba ce. Abin da aka yi wa Damian a 2018 bai kai nan ba. Shi duhun yana cikinsa tun asali, an dai manta hasken da ya tara ne.

Wasu abubuwa biyu kuma ku cire su daga gardamar, don ba sa cikinta. Na farko, sabon lale. Ku ɗauki Jason Todd, Robin na biyu: na 1983 ɗan wasan tsalle-tsalle ne mai fara'a, kusan kwafin Dick. Na 1987 yaron titi ne da Batman ya kama yana kwance tayoyin motarsa. Wannan ba saɓani ba ne, kamfanin ya fito fili ya ce an shafe tarihi an sake. Na biyu, duniyoyin gefe. Damian na Injustice, labarin wani wasan bidiyo da mujallunsa, wanda ya yi sanadin mutuwar Dick ya koma bayan Superman, da na finafinan zane da suka fara a 2014, ba su ne na silsilar mujallun ba. Mutane da yawa da ke ƙin yaron ko ke cewa "ai dama haka yake", daga can suka san shi.

Kuma kada abokinka ya zaci maganin shi ne a bar yara su girma kawai. Jon Kent, ɗan Superman, ya isa misali. Shi da Damian sun fito tare a mujallar Super Sons daga 2017, haɗin da masu karatu suka so ƙwarai, ɗaya mai buɗaɗɗen zuciya, ɗaya mai ɗaure fuska. Da Brian Michael Bendis ya karɓi Superman a 2018, sai aka tura yaron tafiya da kakansa, ya dawo yana da shekara 17, bayan ya shafe shekaru a tsare a wata duniya. An ba shi girma, amma a bayan labule. Mai karatu bai ga shekarun da suka gina saurayin ba, an dai miƙo masa shi an ce ga Jon. Ciwon iri ɗaya ne da na Damian ta ɗaya fuskar: can an goge abin da muka gani, nan an ce mu yarda da abin da ba mu gani ba.

Idan kuna so ku gwada kowace fitowa da kuka yi saɓani a kanta, kada ku tambayi ko Damian zai iya yin wannan. Kusan koyaushe amsar e ce, shi ya sa hujjarka ke da wuyar kayarwa kuma ba ta kai ku ko'ina. Ku tambayi ko akwai wani a shafin, shi ko Dick ko Bruce ko ma mai ba da labari, da ya nuna ya san yaron ya taɓa wuce wannan wurin. Ku tambayi kuma ko komawa bayan ta ci masa wani abu. Da wannan ma'auni kisan Morgan Ducard ya tsallake, sace 'yan Titans ya tsallake da ƙyar, kurkukun 2018 ya faɗi.

Mujallar Robin ta 2021, ta Joshua Williamson da Gleb Melnikov, ita ce shaidar cewa abin yana gyaruwa ba tare da an shafe komai ba. Marubucin bai yi kamar shekarun baya ba su faru ba. Ya ɗauki yaron a inda aka yar da shi, ya rabu da ubansa, ya gudu zuwa gasar faɗa a wani tsibiri, yana ɗauke da laifin mutuwar Alfred har yana ganinsa yana yi masa magana. Girman kan yana nan, tsakin yana nan, amma kowane shafi ya san abin da ya wuce, har ɓarnar da wasu marubutan suka yi ta zama wani ɓangare na nauyin da yaron ke ɗauke da shi. Ku karanta ta tare da zangon Tomasi da Gleason, sannan ku ɗauko fitowar farko ta zangon Glass ku ajiye a tsakiyarsu. Ina kyautata zaton kai za ka janye "yaro ne" a kan kurkukun, shi kuma zai janye "an lalata shi" a kan sauran.